Karnuka Uku a Garke, Ana Shawarar na Huɗu

A daren wata Laraba, saura kwana tara Babbar Salla, aka zare bijimai biyu daga garken yayana da ke bayan garin Maradi, kan hanyar da ta nufi Ɗan Isa. Ba a ji harbi ba, ba a ji ihu ba. Sai da asuba makiyayi ya zagaya ya tarar an yanke waya ta kusurwar gabas, an janye ƙaya, ga sawun shanu biyu da na mutum uku sun yi kudu. Kowa a cikinmu ya san abin da sa mai wata biyar a turke yake nufi ana gab da Salla, saboda haka ba sai na faɗi yawan asarar ba. Amma abin da ya tsaya wa Alhaji a rai har ya hana shi barci shi ne, akwai karnuka uku a garken nan, ana ciyar da su safe da yamma daga aljihunsa, kuma a daren babu wanda ya ko yi gurnani.

Bayan Salla ya tafi kasuwar Abalak sayen tarkace, ya ba wani tsohon amininsa Ba'abzine labari. Mutumin ya jajanta masa, sannan ya ce yana da wata karya ƴar shekara guda, irin ta Azawak, wadda ko ɓera ya gitta bayan tanti sai ta sanar, in Alhaji yana so ya saka ta a mota kyauta. Alhaji bai ce i ba, bai ce a'a ba, ya ce zai yi shawara da gida. Shawarar nan ta ɗauki kusan wata biyu, kuma da yake ƴan ƙungiyarmu da yawa, daga Ƙonni har Damagaram, har can Marwa da Garwa, suna da irin wannan garke da irin waɗannan karnuka, na ga ya kamata in kawo wa mai karatu yadda aka yi ta, da abin da kowa ya kawo.

Tun farko dai, falken shanu na zamanin iyayenmu bai san da zancen kare ba. Nasa shi ne ya saya a kara, ya haɗa da masu kora, a bi burtali a sauka zango zango har a kai bakin jirgi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, to daga nan shanu ke shiga taragu su yi Ikko. Kare na Bafulatanin ruga ne da maharbi. Da tirela ta karɓe hanya, sai sana'ar ta sake kama. Yanzu kusan kowane babban falke yana da fili a bayan gari inda yake tara shanu, wasu na jiran mota, wasu na jiran takardu, wasu kuma ana turka su watanni. Ga kuma rufe iyaka, wadda ta koya mana cewa jiran kwana uku yana iya komawa na wata uku: Najeriya ta rufe tata daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Dukiya ta taru wuri guda, a bayan gari, cikin duhu, a daidai shekarun da ɓarayin shanu suka addabi yankunan Madarunfa da Gidan Rumji. Ta nan kare ya shigo sana'armu, kuma galibinmu mun karɓe shi ba tare da mun san kansa ba.

Abin da Alhaji ya fara yi, kuma a ganina shi ne ya fi kowane amfani, shi ne ya zaunar da makiyayinsa, wani dattijon Bafulatani da suka yi shekara goma sha huɗu tare, ya tambaye shi dalilin shirun karnuka.

"Baffa, don Allah gaya mini gaskiya. Karnukan nan lalacewa suka yi?"

"Alhaji, ba su lalace ba. Ina kake so su kwana? Inda ake dahuwa nan suke kwana. Tukunya na yamma bakin ƙofa, ɓarawo ya zo ta gabas."

Da aka bi diddigi, haka abin yake. Duna, babban cikinsu, ya haura shekara goma, haƙoransa sun cinye, kunnensa ya yi nauyi, sai ka zo kansa kafin ya ɗaga kai. Kyalla, karyar, ita ce mai kunne da zafin nama, amma duk inda yaran garke suka hura wuta nan take. Na ukun, Barde, ɗanta ne mai shekara ɗaya da rabi, wanda bai san komai ba sai bin uwarsa. Wato karnuka uku ne a ido, amma a wajen aiki gadi ɗaya ne, a kusurwa ɗaya, a fili mai kusurwa huɗu. Taron tsintsiya ba shara ke nan. Baffa ya ƙara da wata magana da ya faɗa ƙasa-ƙasa, cewa kare ba ya haushin wanda ya saba jefa masa ƙashi. Alhaji ya gane inda aka dosa, ni ma na gane, amma wannan zance na hannun hukuma, ba na wannan shafi ba ne.

To, da jin haka sai mutum ya ce magana ta ƙare, ba a bukatar ƙari. Ba ta ƙare ba. Duna ba zai sake ganin damina da yawa ba, kuma kwikwiyo ba ya zama karen gadi sai ya kusa shekara biyu. Wanda ya jira sai tsohon ya mutu sannan ya nemi madadi, zai yi shekara da garke a buɗe, kuma sabon ba zai sami wanda zai koya a wurinsa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka bukatar Alhaji ta gaskiya ce. Tambayar ita ce wane kare, yaushe, kuma don wane aiki.

Karyar Abalak ta shiga ran Alhaji, ba na kuwa ganin laifinsa. Duk wanda ya taɓa sauka a tantin Abzinawa ya san karen Azawak, wanda su suke kira oska: dogo, siriri, haƙarƙari a waje ko da ya ƙoshi, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame. Sunansa ɗaya da na jajayen shanun da muke saye a Tawa da Abalak, don kwari ɗaya suka fito, wanda ya ratsa Nijar da Mali. Tsayinsa a kafaɗa yakan kai santimita 60 zuwa 74, nauyinsa kuwa kilo 15 zuwa 25 ne kawai. Turawa sun kwashi irinsa zuwa ƙasashensu tun farkon shekarun 1970, har suna gasar kyau da shi. Yana da kunne, yana da ido, ba ya sakin jiki da baƙo. Sai dai kare ne na mutum guda da tanti guda, wanda idan ya girma a hannun wani, da wuya ya ba wani zuciyarsa. Bugu da ƙari, jininsa na farautar barewa da zomo ne, abin da ya ruga a gabansa sai ya bi. A garken da ake ajiye raguna da maruƙa, kuma awakin unguwa na gittawa, wannan ba ƙaramin abin dubawa ba ne ga karyar da ta riga ta shekara ba ta tashi cikinsu ba.

Baffa kuwa ba ta nan ya ɓullo ba. Shi cewa ya yi ko wace iri ce, muddin mace ce, kada a kawo ta inda Kyalla take. Masu kiwon karnuka da yawa sun san wannan. Maza biyu sukan yi faɗa, a yi hayaniya, ɗaya ya kwanta ya nuna ciki, shi ke nan an san babba. Mata biyu manya idan suka ƙulla gaba, musamman lokacin da ɗaya take neman namiji ko tana shayarwa, faɗansu ba ya ƙarewa da sarandar ɗaya, sukan yi ta komawa har sai an raba su gida ko ɗaya ta nakasa. Ga shi kuma a lokacin garken ma bai zauna ba, don Barde ya fara taka Duna, yana tsaya masa a kan akushi. A jefa baƙuwa cikin wannan hali, sai maza su sami abin yi wa faɗa, mata su sami abokiyar gaba. Karnukan da ke fama da juna kuwa, hankalinsu na cikin garke, ba ya bayan shinge.

Akwai kuma lissafin da ba a cika yi ba. Karya tana ɗaukar ciki kwana 63 ne, wato wata biyu da ƴan kwanaki, ta zubo huɗu, biyar, shida. Karnukanmu na gari sukan yi haka har sau biyu a shekara, ko da yake ta Azawak galibi sau ɗaya take yi. Wanda ya ce zai ƙara mace ɗaya, ya sani kafin shekara ta zagayo zancen ya tashi daga huɗu ya koma goma. Namiji ana iya fiɗiye shi cikin sauƙi, amma aikin hana mace haihuwa tiyata ce, ba a kowane gari ake samun likitan da zai yi ta ba.

Daga nan magana ta shiga cikin gida, inda Hajiya ta tare ta da tiya. Ita ce ke auna hatsin da ake kai wa garke, na yara da na karnuka, saboda haka ta fi kowa sanin abin da ke fita.

"Alhaji, kai kyauta ka gani. Ni kuwa baki na gani. Wa zai riƙa tuƙa mata?"

A lissafinta, kare ɗaya mai aiki, idan ana so ya ƙoshi ba ya yawon bola, yana cin kusan tiya guda ta hatsi a mako, ban da ƙanzo da tsala da abin da aka samu wajen mahauta. Tiya hamsin da ɗoriya ke nan a shekara, alhali buhu tiya arba'in ne. Wato kowane kare buhu ne da ƴan kai, huɗu kuwa sun ɗan haura buhu biyar. Alhaji ya ce buhu biyar bai kai ƙafar sa ɗaya ba, kuma gaskiyarsa ne. Amma ita ma Hajiya ba kuɗin ne ya dame ta ba. Cewa ta yi duk lokacin da Alhaji ya yi kudu da kaya ya yi mako uku, yaran garke sukan rage wa karnuka don su ƙara wa kansu, karnukan kuma su shiga gari neman abinci. Kare mai yunwa ba ya gadi, kuma shi ne wanda ke lashe naman da ɓarawo ya jefo da guba. In ba a iya tabbatar da cin uku ba idan maigida ba ya nan, ƙara na huɗu ƙarin mayunwaci ne.

Da yake Alhaji ba ya yanke irin wannan magana bai ji ta bakin malaminsa ba, sai muka je tare bayan la'asar. Ni na ɗauka Malam zai ce a kori ma ukun ne. Ba haka ya ce ba. Ya bayyana mana cewa hadisi ya tabbata a Muwaɗɗa da Buhari da Muslim cewa wanda ya ajiye kare ana rage masa lada kullum, in ban da karen kiwo da na farauta, a wasu ruwayoyin har da na gona. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ita ma a kan haka ta tafi. Ya kuma ba mu labarin da masu sharhin Risalar suke kawowa, cewa shi kansa mai littafin ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi yana tsoron maƙiya, da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta haka, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu da zaki ma zai ajiye. A mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai.

"Allah ya gafarta Malam, ke nan babu laifi in ƙara?"

"Alhaji, an yi izini ne saboda bukata. Karen da ke tsaron shanunka yana cikin izini. Wanda kuwa ba shi da aiki sai kwanciya bakin murhu, ka tambayi kanka a wane babi yake. Kuma duk wanda ka ɗaure, cinsa da shansa na wuyanka."

Ya ƙara da jan kunne a kan ciniki, cewa mashahurin zance a mazhaba shi ne ba a sayar da kare, duk da cewa akwai manyan malamai irin su Sahnunu da suka halatta sayar da wanda aka yi izinin ajiyewa. Wannan bai shafi Alhaji ba tunda kyauta aka yi masa, amma na kawo shi don ƴan'uwa masu tambaya.

Wanda ya fi daɗewa da mu shi ne likitan dabbobi, ranar da ya zo duba wasu shanu da za a ɗora. Tambayarsa ta farko ita ce ko ukun da ke nan an yi musu allurar haukan kare. Aka yi shiru. Shanun Alhaji babu wanda ba shi da shaidar allura, don ba a ƙetare iyaka sai da ita, amma karnukan da ke kwana a tsakiyarsu ba a taɓa tsira wa ɗayansu allura ba. Ina kuma kyautata zaton garake da yawa haka suke.

Jama'a, wannan ciwo ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, sai dai a yi haƙuri. Shanu ma suna kamuwa. Sa zai fara wani irin kuka a shaƙe, miyau na dalala, ya kasa haɗiya, daga baya ƙafafun baya su mutu. Haɗarin shi ne makiyayi yakan ɗauka wani abu ne ya maƙale masa a maƙogwaro, sai ya zura hannu har gwiwa cikin bakin, hannun da ba ya rasa tsagar ƙaya ko ta igiya. Wanda kare ya ciza, ko miyan dabbar da ake zargi ya taɓa masa rauni, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 cur, sannan ya nufi asibiti a ranar, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe.

Inda zancen ya haɗu da karyar Abalak shi ne nan. Ciwon yakan ɓuya a jikin kare makonni ko watanni yana cin abinci yana kaɗa wutsiya. Saboda haka ɗaure baƙon kare gefe na mako biyu, ko da yake yana da kyau don ƙuma da kaska da sauran cututtuka, ba ya wanke shi daga wannan. Kwana goma da ake ji ana faɗa, na karen da ya riga ya yi cizo ne: a tsare shi a gani, in ya wuce kwana goma lafiya lau, to ba ya ɗauke da cutar a miyansa ranar da ya yi cizon. Likita ya ba mu misalin Injamena. A 2012 da 2013 an yi wa karnukan birnin allura, aka haura kashi 70 cikin 100 da masana ke cewa shi ne ke karya yaɗuwar cutar, ta kuwa ɗauke na watanni. Daga baya ta dawo, ta hanyar karnukan da suka shigo daga wajen gari. Abin da ya sami babban birni yana iya samun garke. Kare babba da ya yi shekara yana yawo a daji inda dila take, ba a san wanda ya taɓa cizonsa ba, tsintacciyar mage ce. Kwikwiyo kuwa da aka san uwarsa, ana yi masa allura da ya cika wata uku, a riƙa maimaitawa yadda likita ya tsara.

Sai kuma abin da ya shafi aljihunmu kai tsaye, wanda ni kaina ban sani ba sai ranar. Ƙullutun ruwan nan da mahauta ke tararwa a hanta da huhu, har malamin duba nama ya sa a zubar, daga kare yake. Ana jefa wa kare ɗanyen huhu mai ƙullutu, tsutsa ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fita cikin kashinsa, kashin ya bushe a kan harawa ko bakin kwamin ruwa, sa ya ci. Mutum ma yana kamuwa, musamman yara masu wasa da karnuka. Irin wannan zagaye ne kuma ke kawo ciwon da ke sa tunkiya ta riƙa juyi wuri ɗaya, idan aka bar kare ya ci kan wadda ta mutu da shi. Ga masu ajiye shanun haihuwa, akwai wata cutar da ke sa saniya ɓari wadda ita ma kare ke yaɗawa idan yana cin mabiyiya. To ina karnukan Alhaji suke kwana da sanyi? A kan tarin harawa. Me yaran ke ba su ranar kasuwa? Abin da mahauta suka yar. Mahaucin Bodija a Ibadan ko na Agege a Ikko da ya yi asarar hanta sau biyu sau uku a kan shanun mutum ɗaya, ba zai aiko maka da takarda ba, sai dai ka ga dillalinka ya fara cewa kasuwa ta yi sanyi. Maganin bai da wuya: a dafa duk kayan cikin da za a ba kare, wanda ke da ƙullutu a binne shi da zurfi ko a ƙone, a kange harawa, a riƙa ba karnuka maganin tsutsa na firazikwantel a kai a kai. Amma kowane kare da aka ƙara, an ƙara mai zuba kashi a filin da shanu ke ci.

Ya kuma gargaɗi Baffa a kan wata ɗabi'a ta makiyaya, ta tsira wa kare ragowar allurar shanu idan ya yi laushi. Berenil da muke yi wa shanu don sammore, kaɗan ya wuce ƙima a jikin kare sai ya taɓa ƙwaƙwalwa ya kashe shi. Haka ruwan wankan kaska da aka haɗa da ƙarfin shanu.

Wani abin da ni na kawo a zaman, don na taɓa gani a wani gari, shi ne halin karnuka idan suka yi yawa. Ɗaya ko biyu suna bin mutum. Daga huɗu zuwa sama, idan ba a raba su ba, sukan fara bin junansu, su fita da dare tare, abin da ɗaya ba zai yi shi kaɗai ba sai su yi shi a taro. Yau akuyar maƙwabci, gobe ɗan maraƙin da ke dangwali, jibi yaron da aka aiko da fura. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma ba kullum yawan ke bayan mai shi ba. Dokar ƙasa tana ɗora wa mai dabba ɓarnar da dabbarsa ta yi, malamai ma sun ce mai kare mai cizo da aka riga aka gargaɗe shi, lamuni na kansa. Falken da ke barin dukiyarsa a bayan gari yana tafiya, babu abin da ya fi bukata kamar maƙwabtan da za su fito idan sun ji motsi, kuma ba a samun wannan daga mutanen da karnukanka suka cinye wa awaki.

Masu tunanin ɗora kare a tirela ya raka kaya kudu, su bar wannan. Takardar lafiyar shanu ta shanu ce, kare na bukatar tasa shaidar allurar, ka kuwa ba ƴan duwan da kwastan wata ƙofar tsayar da kai a rana da shanu a tsaye. Karen Sahel kuma da ya shiga ƙasar tsando, sammore na kama shi kamar yadda yake kama shanu. Karen mota mai ƙafa biyu ya isa.

Kada kuma mu ruɗi kanmu da abin da kare zai iya. Ɓarawon da ya zo da almakashi da igiya, haushi na korarsa. Waɗanda suka zo su goma a kan babura da bindigogi, kare goma ba ya tare su, iyakarsa ya ba mutane ƴan mintocin da za su tsira da rai. Wannan ma ba kaɗan ba ne, amma aikin kunne ne, kuma kunne biyu a kusurwa biyu sun fi shida a bakin murhu.

A ƙarshe ga abin da Alhaji ya yi. An yi wa ukun allura a rana ɗaya, kowanne da takardarsa, an ba su maganin tsutsa. An fiɗiye Barde. An kafa masa rumfa da kwanon ruwa a kusurwar gabas, inda aka yanke waya, nan ake kai masa abincinsa da magariba, nan kuma yake kwana a doguwar sarƙa, yaro ɗaya na kwana kusa da shi. Sati na farko ya yi ta kuka yana neman uwarsa, har Alhaji ya kusa sakinsa, Baffa ya hana. Kyalla na sake tana zagaye. Duna an bar shi a ƙofa ya ƙarasa kwanakinsa. An sa fitila mai aiki da hasken rana a kusurwa biyu, an kewaye harawa da waya. Hatsin karnuka kuwa yanzu Hajiya na auna shi daban, a hannun Baffa take danƙa shi.

Game da karyar, Alhaji ya kira amininsa ya yi godiya, ya gaya masa gaskiya cewa yana da mace a gida, ba ya so a yi asarar ɗaya daga cikinsu. Ya roƙe shi in ta haihu ya ajiye masa namiji guda, a bar shi wajen uwarsa har ya yi wata biyu, don a kawo shi yana ƙarami ya tashi cikin maruƙa da raguna, ya san su ne nasa, ya kuma tarar da Duna da sauran numfashi. Baffa ya ce ranar da za a kawo shi, a bayan shinge za a fara haɗa shi da Kyalla, nesa da akushi, kuma akushinsa daban. Ba'abzinen ya yi dariya a waya, ya ce shi bai taɓa ganin wanda ya yi wa kare shawarar wata biyu ba, ko aure ba a yi masa haka. Ya ce yanzu suna shirin hawa arewa wajen Ingal shan gishiri, sai sun sauko bayan damina za a ga abin da Allah ya ba karyar.